Daga Landan Zuwa Kogin Taw, Neman Hotunan da Ba a Ɗauka da Kyamara

Na shafe fiye da shekara 20 ina sana'ar ɗaukar hoto, tun zamanin fim da ɗakin wankin hoto mai jan ƙwan fitila, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa kawo wa raina cewa za a iya raba hoto da kyamara ba. Saboda haka, ranar da ɗan ƙanwata da ke karatu a Landan ya kira ni ya ce gidan tarihi na Victoria da Albert zai buɗe wani baje kolin hotuna waɗanda babu ko ɗaya a cikinsu da aka ɗauka da kyamara, sai maganar ta tsaya mini a rai, ta hana ni sakat. An buɗe baje kolin a watan Oktoba na 2010 da sunan Shadow Catchers, wato masu kama inuwa, kuma kafin watan ya ƙare na haɗa takarduna na hau jirgi.

Tafiyar sama ta dare ce, babu abin faɗa a cikinta. A filin jirgi na Heathrow na tarar da dogon layi a gaban jami'an shige da fice, kuma sai da na yi kusan sa'a biyu a tsaye kafin layi ya zo kaina. Jami'ar da na samu ta duba biza, ta tambayi inda zan sauka da ranar da zan koma, sannan ta tambayi abin da ya kawo ni. Da na gaya mata na zo kallon hotunan da ba a ɗauka da kyamara, sai ta ɗago kai ta ce ko zane nake nufi. Na ce mata a'a, takardar hoto ce ta gaske, haske ne ya taɓa ta kai tsaye. Ta ɗan yi shiru, ta buga hatimi, ta miƙo mini fasfo. Ɗan ƙanwata yana jira a waje da rigar sanyi a hannu, ya ce, "Kawu, sa wannan tukuna, sannan mu gaisa." Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly, muka isa ɗan ɗakinsa, ya bar mini gado shi kuma ya shimfiɗa bargo a ƙasa.

Washegari muka sauka a tashar South Kensington muka taka zuwa gidan tarihin. Shiga babban ginin kyauta ne, amma wannan baje kolin sai da muka yanki tikiti. Ɗakunan da aka rataye ayyukan an rage musu haske ƙwarai, har sai da idona ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya saba, kuma wannan duhun ya tuna mini da ɗakin wankin da na yi ƙuruciyar sana'ata a ciki. Masu fasaha 5 aka haɗa: Floris Neusüss ɗan Jamus, Pierre Cordier ɗan Beljiyam, sai 'yan Ingila uku, Susan Derges da Garry Fabian Miller da Adam Fuss.

Ayyukan Neusüss ne suka fara tsayar da ni. Tun daga 1960 wannan mutum yake shimfiɗa takardar hoto mai tsawon mutum a cikin duhu, mutum ya kwanta a kanta, ya kunna haske na ɗan lokaci sannan ya wanke takardar. Duk inda jiki ya danne takarda, kamar kafaɗa da gwiwa da tafin hannu, gefensa yana fitowa da kaifi sosai, inda kuma jikin ya ɗan ɗaga sama sai gefen ya yi dishi-dishi kamar hayaƙi. Na tsaya a gaban ɗaya daga cikinsu na auna da idona, na ga tsayin surar daidai yake da tsayin mutumin da ya kwanta, ba a rage ba kuma ba a ƙara ba. A nan na fara fahimtar bambancin wannan aiki da nawa. Ni ina tsayawa daga nesa, gilashin kyamara ya tattaro mini mutum ya ƙanƙantar da shi ya zuba a fim, daga fim ɗin kuma in buga kwafi nawa nake so. Wannan kuwa sawu ne, irin wanda ƙafa ke bari a rairayi, domin sai da jikin ya taɓa takardar kafin a same shi, kuma babu nagetif, wato wankakken fim, da za a sake bugawa daga gare shi. A wani lungu an ajiye kujera a kan shimfiɗaɗɗiyar takardar hoto, babu kowa a kanta, amma inuwar wanda ya zauna tana nan a ƙasa tare da inuwar kujerar. Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, wannan ta ba ni tsoro." Ni ba tsoro ta ba ni ba, mutanen da na ɗauka hoto waɗanda yanzu ba sa duniya ta tuna mini.

Pierre Cordier hanyarsa daban ce, kuma a matsayina na wanda ya san ruwan wanki, shi ne ya fi ɗaure mini kai. A ranar 10 ga Nuwamba 1956, lokacin yana aikin soja a Jamus, ya yi wa wata budurwa rubutu da jan farce a kan takardar hoto, da ya tsoma takardar a ruwan wanki sai ya ga abin da bai zata ba, kuma daga nan ya kama hanyar da ya sa wa suna kemigiram. Yana aiki ne a cikin haske tsaf, ba ya buƙatar duhu. Yakan shafa wa takarda wani abu mai hana ruwa ratsawa, kamar kakin zuma ko gam ko man sheƙin katako, ya tsattsaga shi da wuƙa, sannan ya riƙa tsoma takardar a ruwan fito da hoto da ruwan tsayar da hoto, ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa. Duk lokacin da abin da ya shafa ya ɗan ɓare, ruwan da ya fara shiga wurin shi ke yanke hukunci: na fitarwa ya baƙanta shi, na tsayarwa ya bar shi fari. Haka layuka suke taruwa siri-siri, ɗaya a cikin ɗaya. A ɗakin wanki, haɗuwar waɗannan ruwaye biyu a kan takarda ba bisa ƙa'ida ba shi ne kuskuren da ake tsawata wa yaron shago a kansa, ga shi wani ya yi fiye da shekara 50 yana sarrafa shi har ya zama fasaha. Zan faɗi gaskiya, ayyukansa sun burge ƙwaƙwalwata fiye da yadda suka taɓa zuciyata.

Wanda ya taɓa zuciyar shi ne hoton jariri na Adam Fuss, wanda ya yi a 1992. Uwa ce ta kwantar da ɗanta na ɗan lokaci a kan takardar hoto da aka nutsar a cikin faranti mai ruwa kaɗan, aka haska filasha sau ɗaya. Abin da ya fito shi ne baƙar surar jariri a tsakiyar launin ruwan ɗorawa, da zobba-zobban ruwa suna bazuwa daga hannuwa da ƙafafunsa saboda motsin da ya yi. Babu fuska, babu ido, ba za a ce ɗan wane ba ne, amma duk wanda ya taɓa riƙe jariri zai gane wannan motsi. A kusa da shi akwai ganyayen da Garry Fabian Miller ya tsinka daga wani daji a Dartmoor, wani yanki mai tuddai a kudu maso yammacin Ingila, cikin kwana 24 na watan Mayun 2004, yana sa kowane ganye a injin buga hoto a madadin nagetif, haske ya ratsa ta cikinsa ya sauka a takarda. An jera su layi-layi, mutum yana bi da ido yana ganin yadda ganye ke tashi daga fatsi-fatsi zuwa kore shar.

Sai Susan Derges, wadda ita ce ta canja mini tsarin tafiya. A shekarun 1990 ta riƙa fita da dare zuwa kogin Taw a yankin Devon ɗauke da dogayen takardun hoto masu launi, ta nutsar da su a ƙarƙashin ruwa, ta haska filasha daga sama, sai kogin ya bar surar gudunsa a kan takardar tare da inuwar rassan da suka sunkuyo kansa. Dare ne ɗakin wankinta. Na daɗe a gaban waɗannan hotuna, kuma kafin mu fita na gaya wa ɗan ƙanwata cewa sai na ga kogin da idona, haka kuma sai na ga wata taga da Neusüss ya ɗauki inuwarta a Lacock, wadda aka rataye babban hotonta a baje kolin.

Bayan kwana biyu na tafi tashar Paddington ni kaɗai, domin shi yana da darasi. A nan na koyi cewa tikitin jirgin ƙasa a Ingila, in aka saye shi ranar tafiya, yana iya ninka kuɗin wanda aka saya tun da wuri, kuma fam ɗin da na ware don kwana biyu rabinsa ya tafi a wannan tikiti. Cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci muka isa Chippenham, daga can na shiga bas zuwa Lacock, tafiyar kimanin mil 3.

Lacock ƙaramin ƙauye ne na gidajen dutse, kuma a gefensa babban gidan yake, wanda aka kafa a 1232 a matsayin mazaunin mata masu zaman ibada na Kirista, daga baya ya zama gidan iyalin Talbot, har zuwa 1944 da aka miƙa shi ga ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi. A bakin shiga akwai ɗan gidan tarihi na William Henry Fox Talbot, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, kuma a nan na ga cewa abin da na ɗauka sabon abu ne ya girmi kyamarar da nake alfahari da ita a fagen hoton takarda. A 1833 Talbot yana bakin tafkin Como a Italiya yana ƙoƙarin zana abin da yake gani, zanen ya ƙi yi masa kyau, sai ya fara tunanin yadda haske zai yi zanen da kansa. Da ya dawo gida, a 1834, ya riƙa jiƙa takardar rubutu da ruwan gishiri, ya shafa mata sinadarin azurfa, ya ɗora ganye ko ƙyallen leshi a kai, ya danne da gilashi ya ajiye a rana. Inda rana ta taɓa ya yi duhu, inda ganye ya kare ya zauna fari. Ya kuma lura cewa takardar da gishirinta bai yi yawa ba ta fi saurin karɓar haske. Sai a watan Agusta na 1835 ya sa irin wannan takarda a cikin ɗan akwati mai gilashi ya ɗauki tagar gidan, hoto ɗan mitsitsi kamar kan sarki, kuma ya rubuta a gefensa cewa da madubin ƙara girma ana iya ƙirga ƙananan gilasan tagar, kimanin 200.

Na hau na tsaya a gaban tagar ita kanta. Neusüss ya zo nan a 1978, ya sake zuwa a 2010, ya rufe ta daga ciki da takardar hoto cikin dare, aka haska fitila daga waje, sai tagar ta buga kanta a takarda da cikakken girmanta, har da tabo da karce na tsofaffin gilasanta. Talbot ya ƙanƙantar da ita ta shiga tafin hannu, shi kuma ya mayar mata da girmanta. Ina tsaye ina wannan tunani sai wata matashiya, ɗalibar fasaha daga Bristol, ta ga ina rubutu a littafina ta tambaye ni ko ni ma ina irin wannan aiki. Muka zauna a benci a waje, ta ba ni labarin hoton shuɗi da ake kira sayanotayif, wanda Sir John Herschel ya ƙirƙiro a 1842. Sinadarai biyu na ƙarfe ake haɗawa a shafa wa takarda, ta bushe a duhu, a ɗora abu a kai a sa a rana, sannan a wanke da ruwa zalla, ba a buƙatar komai bayan wannan. Ta ce da wannan hanya Anna Atkins ta fara fitar da littafinta na ciyayin teku a 1843, ta yi shekara 10 tana aikin, kuma shi ake ɗauka a matsayin littafi na farko da aka ƙawata da hotuna. Da za mu rabu ta buɗe jakarta ta ba ni takardu uku da ta shafa da hannunta, a naɗe cikin baƙar leda, ta ƙi karɓar ko kwabo, ta ce kada in buɗe su sai na shirya.

Daga Chippenham na bi jirgi zuwa Exeter da canji ɗaya a hanya, daga nan kuma bas zuwa Okehampton, garin da ke kusa da kogin Taw, domin a wancan lokaci babu jirgin fasinja na kullum da ke zuwa garin. Na isa da duhu, ana ruwa. Na sauka a wani gidan baƙi na wasu dattawa miji da mata, ɗaki ɗaya da karin kumallo. Da na gaya wa uwar gidan ba na cin naman alade, ba ta nuna wata damuwa ba, kullum da safe sai ta soya mini ƙwai da wake da tumatir a kasko daban, ta haɗa da burodi da shayi. Da dare kifi da soyayyen dankali nake saya a cikin gari in ci a ɗaki.

Kwana biyu cur ruwa bai ɗauke ba, kuma wannan ne wahalar tafiyar. Ba ruwa ne mai ƙarfi da zai zuba ya wuce ba, yayyafi ne mai naci da iska mai ratsa ƙashi, ga hazo ya rufe tuddan Dartmoor ruf. A rana ta biyu na kasa haƙuri na kama hanyar ƙauyen Belstone da ƙafa, takalmina ya jiƙe tun kafin in yi rabi, yatsuna suka daina jin komai, kuma da na isa bakin fili ban iya ganin abin da ya wuce taku 20 ba, sai tumaki da ƙananan dawaki suna fitowa daga hazo suna komawa. Ina jin ƙarar kogin a ƙasa amma ban yarda in gangara ba, na juyo. Da maigidan ya ga halin da na dawo, ya sa takalmina kusa da murhu, ya tambaye ni abin da nake nema a kogin. Da na yi masa bayani ya ce in dai haka ne, ai da dare ya kamata in gan shi.

Daren nan ruwa ya tsagaita, ya ɗauke ni a motarsa zuwa Sticklepath, inda Taw ke gangarowa daga tudu kafin ya miƙe arewa zuwa Barnstaple ya faɗa teku. Ya ara mini dogayen takalman roba da babbar tocila. Muka taka kaɗan zuwa wani wuri da ruwan bai kai gwiwa ba, ya ce in kashe tocilar in jira. Duhun ya yi yawa har ban iya ganin hannuna, babu abin da ke akwai sai ƙarar ruwa da sanyin da ke ratsa robar. Sannan na ɗaga tocilar sama na kunna na kashe nan take. A cikin wannan ƙiftawa na ga ƙasan kogin, da inuwar kowace igiyar ruwa a shimfiɗe a kan tsakuwa kamar saƙar raga, da inuwar wani reshe ta ratsa ta kai, sannan duhu ya dawo. Na sake kunnawa, saƙar ta canja gaba ɗaya. Na yi haka sau da yawa, ba ta taɓa maimaita kanta ba. Abin da na gani a bangon gidan tarihi a Landan ke nan, sai dai a can an sami takarda a ƙarƙashin ruwan ta riƙe ƙiftawa ɗaya. Na kuma gane nauyin aikin, domin ɗaukar takarda mai tsayin mutum a cikin wannan duhu da sanyi, ba tare da haske ya taɓa ta ba, a danne ta a ƙarƙashin ruwa mai gudu, ba abu ne da ake yi da wasa ba. Dattijon bai ce komai ba sai da muka koma mota, inda ya zuba mini shayi daga fulas.

Da safe rana ta fito, rana mai rauni irin ta ƙarshen kaka. Na tsinko ganyen wani tsiro mai kama da gashin tsuntsu da ke fitowa a gindin katangar bayan gida, na buɗe takarda ta farko a inuwa, launinta kore-kore mai ruwan ɗorawa, na ɗora ganyen na fitar. Iska ta riƙa motsa shi, kuma da na wanke ban sami komai ba sai farin tabo marar siffa. Uwar gidan tana kallo ta taga, ta ciro gilashi daga wani firam ɗin hoto ta kawo mini. Da shi na danne ganye na biyu, na zauna kusa da shi kusan sa'a ɗaya ina kallon takardar tana sauyawa daga kore zuwa toka-toka. Na ɗauke ganyen, na tsoma takardar a bokitin ruwa ina kaɗawa a hankali, ruwan ya yi rawaya, sai shuɗi ya fara bayyana, surar ganyen ta fito fara fat, kowane ɗan yatsansa a rarrabe, har da ramin da tsutsa ta ci. Na shanya ta a kan igiya, kuma zuwa washegari shuɗin ya ƙara nuna ya koma kamar na shuni. Hotuna dubbai na wanke a rayuwata, amma hannuna ya yi rawa lokacin da nake ɗaga wannan daga bokiti.

Na komo Landan ta Exeter, tafiya ce lafiya lau. Takarda ta uku tare muka yi da ɗan ƙanwata a bakin tagar ɗakinsa: ya ɗora mabuɗin ɗakin, ni kuma na ɗora carbina, muka bar su tun hantsi har bayan azahar saboda gajimare. Ita na bar masa. Ta ganyen na sa a tsakiyar littafina na ratsa da ita filin jirgi, babu wanda ya tambaye ni komai a kanta.

Abubuwa sun canja bayan wannan tafiya. Ba a daɗe ba aka daina ƙera takardar launi ta Ilfochrome, wadda Derges da Fabian Miller suka dogara da ita, sai abin da ya rage a ajiye suka ci gaba da lallaɓawa. Floris Neusüss ya rasu a 2020. Takardata ta shuɗi na taɓa rataye ta a bango inda rana ke bugawa, bayan wani lokaci na ga ta fara koɗewa, na cire ta na sa a aljihun tebur, kuma da na duba bayan 'yan makonni launin ya dawo, domin haka wannan sinadari yake yi idan ya huta a duhu. A can take zaune yanzu, ina fito da ita ne kawai idan wani ya nemi gani.